Alhaji Umaru Salaga: Bakanon da ya rubuta abin da yaƙi ke yi wa talaka

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Bichi, Dambatta ko Dawakin Tofa ya san ba a ɗaurin aure, ba a raɗin suna, sai an raba goro. Yau a mota goron yake zuwa daga kudu, a sauke shi a kasuwar Mariri. Amma shekara 150 da suka wuce a bayan jaki yake zuwa, daga Gwanja, wato arewacin ƙasar Gana ta yanzu. Da yawa daga cikin masu ɗauko shi kuwa mutanen karkara ne, Agalawa da Tokarawa da ke zaune a ƙauyukan Kano da Katsina. Su yi noma da damina, in an kai amfani rumbu su ɗaure wa jakuna kaya su bi ayari.

Wannan hanya ce ta ɗauke wa Kano ɗaya daga cikin manyan marubuta waƙoƙinta. Sunansa Umaru ɗan Abubakar ɗan Usmanu. A zangunan Gana ana kiransa Alhaji Umaru Salaga, ko Alhaji Umaru Karachi, ko Liman Umaru, kuma har gobe malamai a can suna jingina karatunsu gare shi. A garin da aka haife shi kuwa, in ka cire ɗaliban sashen Hausa da na Larabci a jami'a, da wuya ka tare mutum goma ka sami ɗaya da ya taɓa jin sunansa.

Abin da ya sa ya dace a tuna da shi shi ne inda ya sa idonsa. A zamanin da tarihi yake ƙirga sarakuna da jarumai da yawan dawakin da aka kai fagen fama, shi ya tsaya yana duban kasuwar da ta watse da mutanen da suka ɗauki kaya a ka suka bar gidajensu.

Daga Kano zuwa Gwanja

An haife shi a birnin Kano wajajen 1858. Asalin gidansu Kabawa ne, shi ya sa yake sa hannu a rubuce-rubucensa da Bakabe, Bakano. Mahaifinsa farke ne mai zuwa Gwanja. Umaru ya yi karatun allo a Kano, ya shiga littattafai, kuma tun yana saurayi ya fara bin mahaifinsa fatauci.

Tafiyar Gwanja ta watanni ce. Ayari yakan tashi da kanwa, da turkudi da sauran tufafin rini, da jemammiyar fata, har da gabu, busasshen ganyen albasa. A ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu, a bi ta Yandi kafin a sauka Salaga. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba, akwai kuma malamin ayari mai duba ranar tashi, mai rubuta wasiƙa, mai riƙe lissafi. Kowane gari aka zo sai an biya kuɗin wucewa, kowane kogi sai an biya fito, ga 'yan fashi a dazuzzuka.

A cikin wannan rayuwa Umaru ya rubuta littafinsa na farko a 1877, bai ma cika shekara 20 ba. Littafin da Larabci ne, sunansa Al-Sarhatul Wariƙa, kuma yana koyar da yadda ake tsara wasiƙa, tare da misalai. Ni dai ina ganin tun daga nan halinsa ya bayyana. Saurayin da ya iya Larabci haka yana iya farawa da nahawu ko tauhidi don a san ya yi karatu. Shi sai ya fara da abin da farke yake bukata a kan hanya.

Ya ci gaba da neman ilimi, ya zauna a Sakkwato da Gwandu da Argungu, ya ga ƙasashen Zabarma da Dandi da Bargu. Zuwa wajajen 1892 ya tare a Salaga.

Garin da ya tarar

Salaga ita ce mahaɗar goro. Daga dazuzzukan Asante ake kawo shi, fataken Hausa da Barno da Mosi su saya su yi arewa. Gari ne na baƙi, mai unguwanni da masallatai da rijiyoyi barjat. Haka kuma babbar kasuwar bayi ce, wannan bai kamata a ɓoye ba. A shekarun 1880 mayaƙan Zabarma ƙarƙashin Babatu suna kai hare-hare ƙasar Gurunsi, kuma da yawan mutanen da suka kama a Salaga aka sayar da su.

Kafin Umaru ya zauna, garin ya riga ya fara ja da baya. A 1874 sojojin Ingila suka ci Asante suka ƙone Kumasi. Gwanja ta yi amfani da wannan dama ta ɓalle daga ikon Asante, su kuma Asantawa suka karkatar da goronsu zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. A 1888 kuma Ingila da Jamus suka zauna a Turai suka ayyana yankin Salaga a matsayin ƙasar da ba ta kowa ba a tsakaninsu, ba tare da sun tambayi masu ƙasar ba.

Sarautar yankin tana Kpembe, wani gari dab da Salaga, kuma gidaje uku ne suke karɓa-karɓa. A ƙarshen 1892 rigima ta ɓarke tsakanin sarki mai ci, Napo na gidan Lepo, da Isifa na gidan Kanyase. Isifa ya nemo taimakon mayaƙan Dagomba da Nanumba, ya kori Napo, ya hau gado. Mayaƙan da aka gayyato kuwa ba su koma hannu rabbana ba. Aka washe Salaga.

Farke Bakano ko Babarbare da ke zaune a Salaga ba shi da gado a sarautar Kpembe, ba a kuma shawarce shi ba. Amma shi ne ya rasa huhunan goronsa da jakunansa da bashin da yake bin mutane. Baƙi suka watse, wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu Kete a bakin kogin Volta. Garin bai sake komawa yadda yake ba.

Umaru yana nan duk abin ya faru, kuma ya yi waƙoƙi a kai da Larabci. Wadda aka fi sani ita ce Tanbihul Ikhwan fi Zikril Ahzan, ta wajajen 1904, wato faɗakar da 'yan uwa ta hanyar ambaton baƙin ciki. Waƙar ta bi yadda zalunci da lalacewar hali suka yi wa garin katutu tun kafin a zare takobi, sannan yaƙin, sannan watsewar jama'a. Malami ne, don haka yana kallon masifar a matsayin sakamakon abin da hannaye suka aikata, kuma bai wanke mutanen garin ba. Mai karatu na yau yana iya jin nauyin wannan hukunci, ya ce ai wanda aka washe ba shi ya kamata a yi wa wa'azi ba. Akwai kuma abin da ni kaina nake gani: kukan nasa ya fi karkata ga Musulmi fatake da malamai, alhali waɗanda suka fi kowa shan wuya a Salaga su ne Gurunsawan da ake ɗaurewa a kasuwa tun garin yana zaune lafiya. Duk da haka, ba don waƙoƙinsa ba, da labarin 1892 ya tsaya a kan wane ya hau, wane ya sauka.

Dangin wannan waƙa

Kukan garin da yaƙi ya ci tsohon fanni ne a waƙar Larabci, kuma ɗaya daga cikin wuraren da ya fi bunƙasa shi ne Andalus, ƙasar Sifaniya ta yau. A ƙarni na 13, bayan biranen Musulmi irin su Ƙurɗuba da Ishbiliya sun faɗi, Abul Baƙa'i Ar-Rundi ya yi marsiyyarsa da ɗaliban Larabci suke haddacewa har yanzu, wadda ta tsaya a kan raunana da kamammu da iyalan da aka raba.

Bayan ƙarnuka, a wannan ƙasa dai, yaƙin basasar Sifaniya na 1936 zuwa 1939 ya haifar da irin waɗannan waƙoƙi da Sifaniyanci. Pablo Neruda, wanda ke aikin jakadancin ƙasar Chile a Madrid, ya yi waƙa a kan unguwarsa da aka yi wa ruwan bama-bamai da yaran da suka mutu a titi. Miguel Hernandez kuwa ɗan karkara ne daga Orihuela, wanda ya tashi yana kiwon awakin mahaifinsa. Ɗansa na fari ya rasu a 1938 yana ɗan wata 10. Da aka gama yaƙi aka ɗaure shi, sai matarsa, tana shayar da ɗansu na biyu, ta aiko masa da wasiƙa cewa ba abin da take ci sai burodi da albasa. Daga kurkuku ya rubuta wa jaririn waƙar reno a kan albasar nan. Tarin fuka ya kashe shi a gidan yari a 1942 yana da shekara 31.

Duniya ta san waɗannan biyun, an fassara su zuwa harsuna da dama, yara suna karanta su a makaranta. Umaru ya riga su da fiye da shekara 30, amma nasa rubutun ya zauna a gafakar malamai da akwatunan jami'o'i.

Gida ma ba lafiya

Da a ce Umaru ya yanke shawarar komawa Kano bayan an washe Salaga, da ya tarar da irin abin da ya gudo. A ƙarshen 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi ƙarƙashin Yusufu suka ƙi, suka fice zuwa Takai. Wannan ita ce Basasa, ta Tukurawa da Yusufawa. Yusufu ya rasu ana cikin yaƙin, Aliyu Babba, wato Sarki Alu, ya gaje shi ya ci birni a 1894. Tukur ya yi yamma maso arewa zuwa ƙasar Katsina, aka bi shi har Tafashiya, inda aka gama da shi a 1895.

Littattafan tarihi sukan ba da wannan labari a shafi biyu ko uku. Abin da ba su cika tsayawa a kai ba shi ne manomin da rundunar wannan ɓangare ta kwashe masa rumbu, ta wancan kuma ta zo ta tuhume shi da ciyar da abokan gaba. An kama 'ya'ya, Musulmi, an sayar da su bayi saboda garinsu ya bi ɓangaren da ya faɗi. Basasa tana lafawa kuma sai hare-haren Damagaram suka sauko ta arewa, ta kan waɗannan ƙauyuka masu cike da gonaki. Ganuwar da har yanzu ake ganin kufanta a wasu garuruwan karkara ba don ado aka gina ta ba.

Salaga da Kano, tsakaninsu tafiyar watanni, amma a shekaru uku kacal rigimar gidan sarauta ta cinye su duka biyun, kuma farken goro ya rasa a can, ya rasa a nan.

Zama da Jamusawa

A 1896 wani hafsan Jamus, von Zech, ya ƙone abin da ya rage na Salaga. A wannan shekara Umaru ya bi sauran jama'a zuwa Kete, unguwar Musulmi da ke gefen Karachi. Jamusawa sun riga sun kafa bariki a wurin tun 1894, shekarar da suka kashe babban bokan tsafin Dente, wanda a da shi ne mai faɗa a ji a yankin.

A Kete ya zama liman. Ana ba da labarin cewa da aka yi jayayya kan limancin, jami'in Jamus ne ya raba gardama ta hanyar sa masu nema su karanta ƙamusun Larabci a gabansa, Umaru ya yi fice. Wannan jami'i shi ne Adam Mischlich, tsohon ɗan mishan da ya koma aikin gwamnati, wanda ya wallafa ƙamusun Hausa da Jamusanci a 1906. Tun a Salaga ma Umaru ya yi hulɗa da wani Bajamushe mai nazarin harsuna, Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa ke kira Malam Musa.

A nan ne rayuwar Umaru take da ƙulli. A daidai shekarun da yake zaune ƙarƙashin tutar Jamus, yake kuma koyar da jami'insu, a lokacin ne ya yi waƙoƙinsa uku kan zuwan Turawa: biyu da Larabci a 1899 da wajajen 1900, ɗaya da Hausa a 1903, wadda aka sani da Waƙar Nasara. A ciki ya nuna yadda baƙin suka fara zuwa da lallami da sunan ciniki, daga baya suka kafa tuta suka fito da bindiga. Ya jera garuruwa da ƙasashe ɗaya bayan ɗaya, daga yamma zuwa gabas, kamar mai kiran sunayen mamata bayan annoba. Shekarar waƙar ta Hausa ita ce shekarar da Kano ta faɗi a ranar 3 ga Fabrairu, Sakkwato ta bi baya a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru kuma ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Mutum yana ƙasar wasu, fatake suna kawo masa labarin garinsu a guntu-guntu, yana mayar da shi baiti.

Wasu za su ce ya yi baki biyu. Ni ban ga haka ba. Mutumin da ya ga Salaga ta ƙone sau biyu cikin shekara huɗu ya san abin da tsayawa gaban bindiga mai ruwa yake jawo wa mata da yara. Yana da jama'ar da suka rasa komai suka zo Kete suna neman inda za su sake kafa rumfa. Ya zaɓi ya zauna lafiya da mai ƙarfi, ya kuma rubuta abin da mai ƙarfin ya yi. Ana iya saɓa masa a kan wannan zaɓi, amma bai ɓoye shaidarsa ba.

Zaman da Mischlich ya haifar da wani abu da ba wanda ya tsara. Bature yana tambaya, liman yana rubutawa da ajami: tarihin Kano da Katsina da Kabi da sauran ƙasashen Hausa, yadda ake noma gero da dawa, yadda ake saƙa da rini da jima, aure da suna da kaciya, kasuwanci, bauta da cinikin bayi. Duk daga abin da ya gani da idonsa yana yaro da saurayi. Wanda yake son sanin yadda manomin ƙasar Kano yake rayuwa kafin zuwan gyaɗa da jirgin ƙasa, da wuya ya sami shaidar ɗan gida da ta kai wannan faɗi. A 1973 wani ɗalibi a Amurka, Douglas Ferguson, ya fassara waɗannan rubuce-rubuce zuwa Turanci don digirinsa na uku. Daga baya Farfesa Stanislaw Pilaszewicz na Jami'ar Warsaw a Poland ya shafe shekaru yana nazari da wallafa ayyukan Umaru na Hausa. Wato dai sai an bi ta Jamus da Amurka da Poland kafin a ji abin da Bakano ya faɗa game da gonakin Kano.

Talauci da annoba

Wajajen 1913 ya sauke farali. A Madina ya haɗu da Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Shehu Umaru Futi, wanda shi ma gudun hijira ne ya kai shi can bayan Burmi, kuma ta hannunsa ake danganta Tijjaniyyar Alhaji Umaru. A 1914 Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kori Jamusawa daga Togo, Karachi ta koma hannun Ingila. Liman ya sake ganin an sauke wata tuta an ɗaga wata.

Yaƙin yana ƙarewa a 1918 sai annobar mura ta biyo jiragen ruwa ta shigo Afirka ta Yamma, ta kashe mutane ba adadi. Ita ma ya yi mata waƙa, yana siffanta yadda ciwon yake kama mutum da yadda ya kwantar da gari.

Waƙarsa ta Hausa da ta fi yaɗuwa ita ce Waƙar Talauci da Wadata. Babu yaƙi a cikinta, amma ido ɗaya ne da wanda ya kalli Salaga. Ya ɗauki matalauci da mawadaci ya ajiye su gefe da gefe: abincinsu, suturarsu, yadda ake tarbar kowannensu a taro, yadda maganar mai kuɗi take zama hikima, ta talaka kuma ko gaskiya ce a yi kamar ba a ji ba. Akwai barkwanci a ciki, irin mai ɗaci. Wanda ya taɓa zama a zauren mai unguwa ranar rabon taki zai gane mutanen waƙar nan ɗaya bayan ɗaya.

Bai tsaya nan ba. Ya mayar da waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi na Jahiliyya zuwa Hausa, ya yi marsiyyoyi da yabo da wasiƙu cikin waƙa, ya kuma koyar da ɗalibai da suka bazu zangunan Kumasi da Ankara da Tamale da Yandi.

A 'yan shekarun nan, ƙauyukan da ke kan iyakar Kano da Katsina, ta wajen Tsanyawa da Shanono, sun fara ganin abin da maƙwabtansu suka daɗe suna gani: 'yan bindiga da dare, a kore dabbobi, a ɗauki mutane, magidanci ya kwashe iyali ya bar hatsi a gona. Mu 'yan jarida mukan kawo adadin waɗanda aka kashe da sanarwar jami'an tsaro, washegari mu wuce wani labarin. Wanda zai zauna ya rubuta sunan ƙauye bayan ƙauye, da abin da ke cikin rumbun da aka ƙone, da inda kowa ya nufa, shi ne har yanzu ake nema. Aikin da Alhaji Umaru ya yi wa Salaga ke nan, da tawada da alƙalamin kara.

Ya rasu a Kete-Karachi a 1934, yana da shekara 76 ko kusa da haka, bai koma Kano da zama ba. Bayan shekara 30, aka datse kogin Volta a Akosombo don samar da lantarki, ruwa ya taso ya shanye tsohon garin, aka mayar da mutane sabon matsuguni a kan tudu. A shekarun nan ne kuma masu bincike na Jami'ar Gana da ke Legon suka bi gidajen malamai suna ɗaukar hoton takardu. Kwafe-kwafen waƙoƙinsa da suka samu a hannun almajiransa da almajiran almajiransa suna ajiye a Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar.